Hariken, taifun ko saiklon: guguwa ɗaya ce, teku ke sauya mata suna

A watan Agustan 1994 wata mahaukaciyar guguwa ta taso a tekun Fasifik, daura da gaɓar ƙasar Meziko. Masana yanayi na Amurka suka raɗa mata suna John, da ta yi ƙarfi kuma suka sa ta cikin jerin waɗanda suke kira hariken. Ta nausa yamma, ta yi tafiyar dubban kilomita a kan ruwa, ta bi ta kudancin tsibiran Hawai, har ta ƙetare layin nan na tsakiyar Fasifik inda kwanan wata ke sauyawa. Daga ranar sai rahotanni suka koma kiran ta taifun. Bayan ƴan kwanaki ta yi kwana, ta sake ƙetaro layin zuwa gabas, sai sunan hariken ya dawo mata. Kusan wata guda ta yi tana yawo kafin ta mutu, kuma iskar da ruwan duk nata ne tun farko.

Mai sauraron labarai da Hausa bai cika jin wannan bambanci ba, domin gidajen rediyo kan ce "mahaukaciyar guguwa" kawai, ko a Amurka ta sauka ko a Mozambik. Amma matashin da ke bin labarai da Faransanci a wayarsa yakan gamu da uragan yau, gobe tifon, jibi siklon, har ya ɗauka abubuwa uku ne daban, ko kuma wani ya fi wani haɗari. Ga mutanen Nijar da ke zaune a waje, da danginsu da ke gida suna jiran waya, wannan ruɗani yana da muhimmanci. Akwai ƴan Nijar a New York da sauran biranen gabashin Amurka, akwai ƴan kasuwa masu zuwa sarin kaya Guangzhou a kudancin Cana, akwai ma'aikata a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, ga kuma ɗimbin ƴan ci-rani a Libiya. Duk waɗannan wurare sun taɓa ganin irin wannan guguwa, kowane da sunan da yake kiran ta.

Yadda take tasowa

A wurin masana, duk sunansu ɗaya: guguwar yankuna masu zafi mai juyawa. Ba ta tasowa sai a kan teku, kuma sai ruwan saman tekun ya kai zafin digiri 26 zuwa 27. Ruwa mai ɗumi yana fitar da tururi, tururin ya hau sama ya zama gajimare, a yayin haka ya saki zafin da ke ƙara ɗaga iska. Gurbin da iskar ta bari a ƙasa sai wata ta kwararo daga ko'ina domin ta cike shi. Juyawar da duniya ke yi ita ke karkatar da wannan iska mai kwararowa, ta sa ta riƙa kewayawa. A arewacin duniya tana juyawa saɓanin hannun agogo, a kudanci kuma tana bin hannun agogo. A daidai layin ikweta, wanda ya raba duniya biyu, wannan ƙarfin karkatarwa babu shi, shi ya sa da wuya guguwar ta taso a wurin da bai yi nisan kamar kilomita 500 daga layin ba.

Idan iskar ta kai gudun kilomita 63 a sa'a, ana ba ta sunan yanka irin su John ko Katrina. Idan ta kai kilomita 119 a sa'a, ta zama cikakkiyar mahaukaciya ke nan. A tsakiyarta akwai wani fili da ake kira ido, wanda faɗinsa kan kai kilomita 30 zuwa 60, inda iska ke kwantawa har wani lokaci rana ta leƙo. Mutane da dama sun hallaka saboda sun fito a wannan lokaci suna tsammanin ta wuce, alhali rabinta na biyu yana tafe, da iska mai busowa daga ɗaya ɓangaren.

A duk faɗin duniya ana samun irin waɗannan guguwa masu suna tsakanin 80 zuwa 90 a shekara. Da zarar ta hau tudu sai ƙarfin iskarta ya fara raguwa, tunda ta rabu da ruwan ɗumin da ke ciyar da ita. Ruwan saman da ta ɗauko kuwa yana iya ci gaba da zuba kwanaki.

Kowane teku da sunansa

A arewacin tekun Atlantika, da tekun Karebiyan, da mashigin Meziko, da gabashin Fasifik, hariken ake cewa, Faransawa kuma su ce uragan. Kalmar ta samo asali daga harshen Taino, mutanen da Sifaniyawa suka tarar a tsibiran Karebiyan a ƙarshen ƙarni na 15. Sifaniyawa suka ɗauke ta, daga gare su ta shiga Ingilishi da Faransanci. Lokacin hariken a Atlantika yana kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kuma ya fi tsanani a wajajen farkon Satumba.

A arewa maso yammacin Fasifik, wato yankin Filifin, Japan, Taiwan, Cana, Biyetnam da Koriya, taifun ake cewa. Nan ne wurin da ya fi ko'ina yawan guguwa, kusan 25 masu suna a shekara, kuma babu watan da ba za ta iya tasowa ba. Masana harshe sun rabu kan asalin kalmar. Wasu sun danganta ta da harshen Cana, inda take nufin babbar iska. Wasu sun kai ta ga Girkanci. Wasu kuma sun nuna kalmar Larabci ɗufan, wadda matuƙan jiragen ruwa suka yaɗa a tekun Indiya. Wannan kalma ta ƙarshe ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, ita ce ta ba shi ɗufana, ruwan nan na zamanin Annabi Nuhu (AS). Mutanen Filifin kuwa suna da tasu kalmar, bagyo.

A tekun Indiya baki ɗaya da kudancin Fasifik, saiklon ake cewa, ko siklon a bakin masu Faransanci. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Henry Piddington, wanda ya zauna a Kalkata yana nazarin littattafan matuƙan jirgi, shi ya ƙirƙiro kalmar a shekarun 1840 daga kalmar Girkanci mai nufin da'ira. Wannan suna shi ya shafi Indiya, Bangladash, Myanmar, Oman, Yaman, Madagaska, Mozambik da Ostareliya. A arewacin tekun Indiya lokacinta kashi biyu ne, daga Afrilu zuwa Yuni, sai kuma daga Oktoba zuwa Disamba. A kudu kuwa, wajen Madagaska, daga Nuwamba ne zuwa Afrilu, lokacin da Sahel ke cikin rani.

Kudancin Atlantika kusan bai san ta ba. Wadda aka fi tunawa a can ita ce Catarina, da ta faɗa wa kudancin Barazil a watan Maris na 2004, ta bai wa masana mamaki.

Waye ke raɗa sunan yanka

Ban da sunan jinsi, kowace guguwa tana da nata sunan. Wani masanin yanayi a Ostareliya, Clement Wragge, shi ne ya fara wannan al'ada a ƙarshen ƙarni na 19, har yakan sa wa guguwa sunan ɗan siyasar da ya ɓata masa rai. Amurka ta fara amfani da sunayen mata a 1953, sai a 1979 aka shigar da na maza a jerin Atlantika. Dalilin sa sunan mai sauƙi ne: idan guguwa biyu ko uku suna teku a lokaci guda, suna gajere ya fi lambobin taswira saurin shiga kunnen mai sauraron rediyo.

A yau Hukumar Yanayi ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ita ke daidaita aikin, kuma akwai manyan cibiyoyi shida da aka raba wa tekunan: Miami, Honolulu, Tokyo, New Delhi, tsibirin Reunion da Nadi ta ƙasar Fiji.

A Atlantika akwai jeri shida, kowane da suna 21 na Ingilishi, Sifaniyanci da Faransanci, kuma kowane jeri yana dawowa bayan shekara shida. Idan guguwa ta yi mummunar ɓarna ana cire sunanta har abada, kamar yadda aka yi wa Katrina bayan ta nutsar da New Orleans a 2005. Sau biyu sunayen suka ƙare kafin shekara ta ƙare, a 2005 da 2020, aka koma ga haruffan Girkanci. A 2020 guguwa 30 aka raɗa wa suna. Daga 2021 aka daina amfani da haruffan, aka tanadi jerin ko-ta-kwana.

A yammacin Fasifik, tun daga 2000, mambobi 14 ne suka haɗa sunaye 140, kuma yawancinsu na tsuntsaye ne, furanni, dabbobi da wurare. A arewacin tekun Indiya sai a 2004 aka fara sa suna, da ƙasashe takwas. Daga baya Saudiyya, Katar, Iran, Yaman da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka shiga, aka zama 13, kuma a 2020 suka fitar da jerin sunaye 169. Shaheen, wadda ta sauka a gaɓar Oman a watan Oktoban 2021, Katar ce ta ba da sunanta.

A kudu maso yammacin tekun Indiya ƙasashen Afirka ne ke ba da sunayen, hukumomin yanayi na Madagaska da Morishus kuma su raɗa. Idai, wadda ta ragargaza birnin Beira na Mozambik a watan Maris na 2019, ta kashe sama da mutum 1,000 a Mozambik, Zimbabuwe da Malawi, sunanta daga Zimbabuwe ya fito. Freddy kuwa a wajen Ostareliya ta samo sunanta a watan Fabrairun 2023, ta ratsa tekun Indiya daga gabas zuwa yamma, ta bugi Madagaska, ta sauka a Mozambik sau biyu, ta haddasa zaftarewar ƙasa a kudancin Malawi. Hukumar Yanayi ta Duniya ta tabbatar cewa kwana 36 ta yi, babu wadda aka sani ta kai ta daɗewa.

Ma'auni ma ba ɗaya ba ne

Wani abin da ke ƙara ruɗa mai karatu shi ne alƙaluman gudun iska. Amurka tana auna matsakaicin gudun iska na minti ɗaya, Indiya na minti uku, Japan da yawancin sauran ƙasashe na minti goma. Saboda haka guguwa ɗaya tana iya fitowa da lamba biyu a rana ɗaya. Taifun Haiyan ta 2013, cibiyar sojan Amurka ta ƙiyasta iskarta a kilomita 315 a sa'a, ta Japan kuma ta ce 230. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, mudun awon ne ya bambanta.

Matakai biyar da ake yawan ji a labarai, daga na ɗaya zuwa na biyar, na ma'aunin Saffir-Simpson ne na Amurka, inda mataki na biyar ke farawa daga kilomita 252 a sa'a. Ostareliya ma tana da matakai biyar, amma iyakokinsu daban. Kuma ma'aunin na Amurka iska kaɗai yake aunawa, bai ce komai ba game da ruwa. Wani bincike na cibiyar Miami kan shekarun 1963 zuwa 2012 ya nuna cewa a Amurka kusan mutum tara cikin goma da waɗannan guguwa suka kashe kai tsaye, ruwa ne ajalinsu, ko dai toroƙon teku ko ambaliyar ruwan sama.

Inda suna ya yaudari jama'a

Haiyan ta sauka a Filifin ranar 8 ga Nuwamban 2013. A can ba a san ta da wannan suna ba, Yolanda suke kiran ta, domin hukumar yanayin ƙasar tana da nata jerin. An yi gargaɗi tun da wuri cewa teku zai tunkuɗo ruwa cikin gari, amma da kalmar Ingilishi ta masana aka yi sanarwar, kalmar da talakawa da yawa ba su san ma'anarta ba. Mutanen Tacloban sun saba da taifun, suka shirya wa iska. Sai ruwa mai tsayin kusan mita 5 ya shigo gari, har cikin wasu wuraren da aka tara jama'a domin mafaka. Sama da mutum 6,000 suka mutu a ƙasar. Da yawa daga waɗanda suka tsira sun ce da tsunami aka ce musu, da sun gudu kan tudu.

A ƙarshen Oktoban 2012, Sandy ta doshi gabashin Amurka. Gab da saukarta a jihar New Jersey siffarta ta sauya, a ƙa'idar masana ta daina zama hariken, don haka ba a fitar da gargaɗin hariken ga yankin ba, wasu irin sanarwa aka yi. Amma ruwan teku ya cika hanyoyin jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York, sama da mutum 40 suka mutu a birnin. Bayan haka aka gyara ƙa'idar, yadda gargaɗin zai ci gaba ko da sunan jinsin ya sauya. A ranar 1 ga Satumban 2021 kuma, abin da ya iso New York ragowar hariken Ida ne kawai, kwanaki bayan ta sauka a Louisiana. Wannan ragowa ta zubar da ruwan da ya kashe mutum 13 a birnin, yawancinsu a ɗakunan haya na ƙarƙashin ƙasa, irin waɗanda baƙi masu ƙaramin ƙarfi ke kamawa.

Misalin da ya fi kusa da gida shi ne na Libiya. Tekun Bahar Rum ba ya cikin yankunan da aka san su da hariken ko saiklon, amma jefi-jefi yakan haifar da guguwa mai kama da su, wadda masana suka laƙaba wa medikan. Daniel ta fara da ambaliya a Girka a farkon Satumban 2023, ta gangaro kudu ta sauka a gabashin Libiya. Iskarta ba ta kai ta manyan hariken ba. Ruwan da ta zubar ne ya fasa madatsu biyu a saman birnin Darna a daren 10 zuwa 11 ga wata, ya share unguwanni zuwa cikin teku. An tabbatar da mutuwar sama da mutum 4,000, wasu dubbai kuma suka ɓace, cikinsu har da baƙi ƴan ci-rani.

Akwai kuma inda gargaɗi ya yi aiki. A 1970, tun kafin a fara sa suna a yankin, saiklon ɗin Bhola ta kashe aƙalla mutum 300,000 a inda yanzu ake kira Bangladash. Ƙasar ta gina dubban gidajen mafaka, ta horar da ƴan sa-kai masu bin ƙauyuka da lasifika suna sanarwa da harshen jama'a. Da Amphan ta zo a 2020, an kwashe sama da mutum miliyan 2, waɗanda suka mutu a ƙasar ba su kai 50 ba.

Hadarin gabas da ke ƙetare teku

Nijar ba ta da teku, don haka hariken ba za ta taɓa sauka a Maraɗi ko Tawa ba. Gaɓar Kwatano, Lome da Legas ma ba ta ganin ta, saboda kusancinta da ikweta. Ambaliyar daminar 2024, wadda ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, ta kuma rusa tsohon masallacin Birni a Damagaram, ruwan damina ne mai yawa ya haddasa ta.

Sai dai akwai dangantaka ta gaske tsakanin daminar Sahel da hariken. Kowane manomi ya san hadari daga gabas yake tasowa. Bambancin zafi tsakanin Sahara da yankin gaɓar Gini mai danshi yana haifar da wata iska mai ƙarfi a sama, kamar kilomita 3 daga ƙasa, wadda ke busawa daga gabas zuwa yamma. Wannan iska tana lanƙwasa tana yin igiyoyi, kusan ɗaya a kowane kwana uku zuwa biyar. Sukan faro daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur, su ratso Cadi, Nijar, Burkina Faso da Mali suna tara hadari, su fita teku ta Senegal da Gini. Ana samun kimanin 60 a shekara. Yawancinsu suna watsewa a kan ruwa. Kaɗan daga ciki, idan suka tarar da teku mai ɗumi, sai su fara juyawa a kusa da tsibiran Kap Bar.

Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na guguwar Atlantika masu suna, da kusan kashi 85 cikin 100 na manyan hariken, daga waɗannan igiyoyi na Afirka suke samo asali. Irma, wadda ta ɗaiɗaita tsibiran Barbuda da Saint-Martin a watan Satumban 2017 kafin ta wuce Kuba da Florida, daga gaɓar Afirka ta Yamma ta fito a ƙarshen Agusta. A 2015 ma Fred ba ta jira ta yi nisa ba, ta bugi tsibiran Kap Bar kansu, abin da rabon da a gani tun 1892. Masanin nan na Amurka William Gray ya nuna cewa shekarun da Sahel ta yamma ta samu damina mai kyau sun fi yawan manyan hariken, shekarun farin 1970 zuwa 1980 kuma aka samu ƙarancinsu. Ƙurar Sahara ma tana da nata tasiri: idan busasshiyar iskarta ta bazu a kan Atlantika takan shaƙe guguwa tun tana ƙarama. Wannan ne ya sa abin da ake aunawa a sararin samaniyar Sahel, har da aikin cibiyoyin ACMAD da AGRHYMET da ke Yamai, yake da amfani ga masu hasashe a ƙetaren teku.

Abin da ya kamata a duba

Ga wanda ke zaune a waje, ko mai ɗan'uwa a can, kalmar hariken, taifun ko saiklon tana nuna tekun da guguwar take ne kawai. Haɗarinta ana gane shi daga wasu abubuwa: yawan ruwan saman da ake sa ran za ta zubar, tsayin ruwan da teku zai tunkuɗo, ko gidan mutum yana kwari, bakin kogi, ƙasan madatsa ko ƙarƙashin ƙasa, da kuma ko hukumar wurin ta ba da umarnin tashi. Jin cewa guguwa ta ragu zuwa mataki na ɗaya, ko ta zama ragowa, bai isa dalilin sakin jiki ba.

Baƙo ya fi ɗan gari shiga haɗari, domin sau da yawa bai jin harshen da ake sanarwa da shi, kuma rashin takardu kan sa wasu su ƙi zuwa wuraren mafaka. Ya kyautu mutum ya san sunan hukumar yanayi ta ƙasar da yake, ya bar saƙonnin gaggawa a buɗe a wayarsa, ya kuma tambayi maƙwabta ma'anar duk kalmar gargaɗin da bai gane ba tun kafin ruwa ya fara. Shugabannin ƙungiyoyin ƴan Nijar mazauna waje su ma suna da rawar takawa, ta hanyar fassara sanarwar hukuma zuwa Hausa da Zabarmanci a zaurukan WhatsApp, tare da faɗin unguwannin da aka ce a tashi da wurin da za a nufa.